Tikitin da Ba a Huda Ba

Mu mutanen ruwa ne. Tungarmu tana bakin gulbi, kusa da Kalgo. Da damina mu yi noma, da rani mu yi su, fito kuwa kullum. Jirgin na ubanmu ne. Da ya rasu, yayana ya karɓi gwangwala yana turawa daga baya, ni ina gaba da filafili.

Fito yana da ƙa'idarsa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana ita. Wanda ya riga ajiye kayansa a bakin ruwa shi ke riga shiga. Marar lafiya da tsohuwa ba sa jira, su ne gaba. Ba a biyan lada sai ƙafa ta taka wancan tsallaken. Mai fiton da ya miƙa hannu kafin ya haye da mutum, sai a ce shi kansa bai tabbata zai kai ba. Kuma ba a ture jirgi ana ganin mutum tafe. Ko an kai tsakiyar ruwa, in aka ji kira daga baya, a sauke na ciki a dawo. Yayana ya sha dawowa saboda mace ɗaya mai ƙullin gishiri. Haka na san duniya har na yi gemu.

Bayan babban yaƙin Turawa da kamar shekara goma, an gama yankan gero, saƙo ya zo kowace tunga ta ba da mutane, za a kai su aikin diga inda ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Mai garinmu ya dubi gidaje, ya nuna ni. Ni kaɗai aka nuna a gidanmu. Inna ce ta ce wa yayana ya bi ni. Ta ce ban taɓa wuce Gwandu ba, ga zuciya, zan mari wani a ɗaure ni. Yaya bai yi musu ba. Ya miƙa wa kawunmu gwangwala, ya naɗe buzunsa, muka fita.

A Gwandu aka tara mu bayan kasuwa. Ga mutanen Malisa, ga na Maruda, ga wasu Fulani daga wajen Dodoru suna ta waige, hankalinsu na kan shanu. Aka rataya wa kowa ɗan ƙarfe mai lamba a wuya. Muka kama hanyar gabas. Ban ƙirga kwanakin ba. Na dai san takalmina ya mutu kafin mu isa.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A sari ƙasa da diga, a cika kwanon sarki, a ɗora a kai, a juye inda aka nuna. Gobe ma haka. Inda akwai tudu a rage shi, inda akwai kwari a cike shi. Ruwan da muke sha na ramukan da muka haƙa ne. Mu da muka tashi a kan gulbi.

Helmanmu, wato shugaban leburorin rukuninmu, Bakatsine ne. Tsakanin Bakatsine da Bakabe irinmu akwai wasa tun kakanni, ba a fushi da shi. Ran da ya ji inda muka fito, sai ya saɓa bulalarsa a kafaɗa ya ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya kawo mini bayina har gida."

Yaya ya ce, "Ka ga ubangijinka da kaya bisa kai, ka tsaya kana surutu? Zo karɓi kwano."

Daga ran nan ba mu huta da Helma ba. Ya ce madubin nan mai ƙafa uku da Bature ke leƙawa yana ganin abin da mutum ya ci jiya. Wani ɗan Maruda da ya tone rogon mutane ya yi kwana biyu yana laɓewa bayan 'yan'uwansa. Ya ce wa Fulani su shirya, jirgin ƙasa nono yake sha, ƙwarya goma kafin ya motsa. Ni kuwa ya aike ni wurin akawu, fuska a ɗaure, wai in karɓo igiyar ɗaure inuwa, rana ta yi zafi. Na je. Akawu ya dube ni ya kira masinja ya fitar da ni. Aka yi wata guda ana kirana mai igiya.

Amma bai taɓa ɗora wa Bakabe bulala ba. In hatsi ya zo, mudunmu da tozo yake. Wannan ma gaskiya ne, in faɗe shi.

Aikin ƙarshe da muka yi shi ne tasha. A bayan wani babban gari take, kan hanyar Gusau, nesa da ganuwa kamar daga tungarmu zuwa kasuwar Kalgo. An ce don mutanen garin aka yi ta, su riƙa zuwa cin kasuwa suna dawowa. Muka share musu hanya fetal daga ƙofar gari har ƙofar tasha, muka jera duwatsu gefe da gefe, muka shafe su da farar ƙasa. Muka gina dogon dakali inda jirgi zai tsaya. Aka ce a kewaye wurin da waya mai ƙaya. Ni na ja wayar nan, layi biyar, tabon yana tafin hannuna har yau. Ƙofa ɗaya aka bari, tana kallon gari. A gefenta akwai ɗan ɗaki mai taga, tagar tana buɗewa ta waje. A cikin ɗakin aka sa wata na'ura mai ƙyas-ƙyas, wai da ita suke magana da na nesa. Mun sha leƙa ta.

Bukkokinmu suna ɗaya gefen, bayan layin dogo, wajen daji. Mu ba ma bin ƙofa. Ta kan dogo muke shigowa, can inda waya ta ƙare. Ba wanda ya taɓa hana mu.

Ana shafa farar ƙasar nan atuni ya kama Yaya. Da farko ya ɓoye. Yana zagayawa bayan bukka yana dawowa ya ɗauki kwano. Sai na ga jini. Na jiƙa masa bagaruwa kamar yadda Inna ke yi, bai tsaya ba. Cikin kwana goma, mutumin da ke ture jirgi cike da jakuna ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Saura kwana biyu a buɗe tasha aka sallame mu, aka biya kowa. Mutanen Malisa da Maruda suka ɗaure kaya suka kama hanya a ƙasa. Yaya ba ya iya taku goma. Ya ce, "Ka kai ni gun Inna. In sauƙi ne, hannunta. In ba shi ba ne, nan ma gunta."

Na yi lissafina. Fataken Kalgo suna kai bandar kifi Gusau a kan jakuna, su sayar da kifin ran kasuwa, washegari su juya jakuna ba kaya. Mun san su, a jirginmu suke hayewa. In na riske su, Yaya ya sami jaki har gida. Da goyo a bayana kwana biyar ne zuwa Gusau, kafin in isa sun tafi. An ce jirgin ƙasa kafin la'asar ya kai. Ranar buɗe tasha kuwa jajiberin kasuwar ce.

Helma ya zo yi mana sallama, an tura shi gaba da wasu leburori. Ya tsuguna a bakin bukka. Na ce, "Helma, in mutum zai shiga jirgin nan, yaya ake yi?"

"Au, bayi ma hawa za su yi? To, ku buɗe kunne. Tagar nan ta bakin ƙofa za ka je ka biya, a ba ka 'yar takarda kamar haka." Ya nuna rabin yatsansa. "Tikiti ake ce mata. Ita za ka nuna a bar ka ka shiga."

"Kafin a kai ni?"

"Kafin ma ka ga jirgin."

Yaya yana kwance ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Ji ɓarawo. In biya, jirgi bai zo ba, mai jirgi bai gan ni ba? Kai ka riƙe ajiyar kuɗin, ko?"

"Gaskiya nake gaya muku, Kabawa."

Na ce, "Ranar igiyar inuwa ma haka ka ce."

Sai shi ma ya yi dariya. Ya yi ta sosai, har da buga cinya. Ya ajiye wa Yaya goro biyu, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, bawana, kada ka mutu ban ci amfaninka ba." Ya tashi ya tafi. Na sha tuna dariyar nan. Da ya ɗaure fuska ma ba lalle mu yarda ba, ranar igiya fuska a ɗaure ya aike ni.

Ranar buɗewa, muna idar da sallar asuba na goya Yaya, na rataya kayanmu a wuya, muka bi kan dogo kamar kullum. Ba kowa a dakalin. Na shimfiɗa masa buzu, na ajiye ƙullinmu a daidai baki, inda kowa zai gani. Mu ne na fari, ga kuma marar lafiya. Ta kowace fuska mu ne gaba. Ɗan dokan da ke tsaron ƙofa ya hango mu, ya ga ƙarfe a wuyanmu, ya ɗauke kai. Ya zaci shara muka zo yi.

Da hantsi gari ya taho. Ga masu kalangu, ga masu fura da ƙosai, ga attajirai da manyan riguna. Aka kafa wa hakimi rumfa a bakin ƙofa. Bature yana tsaye yana ciro agogo daga aljihu yana mayarwa. Na hangi mutane sun yi cincirindo a tagar nan ta waje, suna ture juna. Na ce wa Yaya, "Dubi 'yan birni, ba su taɓa ganin ƙyas-ƙyas ba."

Ya ce, "Bar su. Mu mun gani."

Wani ɗan kasuwa ya tsallake ƙullinmu ya ajiye huhun goronsa a gaba. Na ce masa mun riga shi. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya matsar da rigarsa kada ta taɓa buzun. Na tashi zan yi abin da Inna ta ji tsoro, Yaya ya riƙe mini ƙafa.

"Zamna. Mai jirgi shi ka raba wanga, ba kai ba."

Ƙarfen dogo ya fara kuka kafin mu ga komai. Sai hayaƙi, sai shi. Na ga jirgin da ke kawo mana duwatsu sau da yawa, amma wannan an wanke shi, an ɗaura masa tutoci. Ya tsaya yana huci. Masu kalangu suka ƙara wuta. Mutane suka yi kansa.

Na sungumi Yaya na kutsa. A bakin ƙofar taragon akwai wani mutum da kakin ma'aikata, da ɗan ƙarfen huji a hannu. Ba mutumin ƙasarmu ba ne, Hausarsa kaɗan ce. Kowa ya zo ya miƙa masa 'yar takarda kamar rabin yatsa, ya huda, ya wuce. Da na ga takardar farko na tuna maganar Helma.

Ya tare ni da hannu. "Tikiti."

Na ce, "Marar lafiya ne. Mun riga kowa zuwa."

"Tikiti."

Na kwance bakin zanena da haƙori na nuna masa kuɗi. Na ce in mun sauka za mu biya, in kuma yanzu yake so, ga shi, ya ɗauka duka. Ya girgiza kai, ya nuna wajen taga da ƙarfen hujinsa. Bai zage ni ba, bai ture ni ba. Ya miƙa hannu ta bisa kafaɗata ya karɓi ta mai goro.

Na mayar da Yaya kan buzu. Ya ce, "Tafi ka sawo. Ya gan mu. Ba shi turawa."

Na ruga ƙofa. Ƙofa ɗaya ce, kuma masu shigowa sun cika ta, ga rumfar hakimi. Ɗan doka ya gindaya sanda, ya ce ba mai fita sai manya sun gama. Na koma na kama waya zan haura. Ni na ja ta, na san ba ta da sako-sako ko ɗaya. Ta yaga mini hannu ta yaga wando, na faɗo ciki. Sai na bi dakalin a guje har ƙarshensa, na bi dogo har inda waya ta ƙare, na faɗa lambatun da muka haƙa, na fito, na zagayo ta waje. Da na isa taga akwai mutum uku a gabana. Na yi ihu akwai marar lafiya. Na gaba ya ce kowa ma sauri yake yi.

Aka buga ƙararrawa. Akawu ya jawo katakon taga ya rufe. Na buga da hannu. Daga ciki ya ce, "Sai jirgi na gaba."

Daga bayan waya na ga sauran. Jirgin ya yi kuwwa, ya ja. Yaya ya tashi a kan gwiwar hannu, sannan ya durƙusa, ban san inda ya sami ƙarfin ba. Ya ɗaga hannu ya yi kiran da ake yi masa a bakin gulbinmu.

"Mai jirgi! Mai jirgi, hoo! Da saura!"

Sau uku ya yi. Muryar ta fita, ta mai fito ce. Waɗanda suka zo kallo suka juya, wasu suka yi dariya, wata mai fura ta ce wayyo. Hannunsa yana sama har hayaƙin ya ɓace.

Na sake zagayowa ta lambatu na dawo wurinsa. Ya ɓata jikinsa. Na rufe shi da zanena. Ya ce, "Cike shike. Bari shi sauke su shi dawo."

Na san dogon nan, ni na ɗauko ƙasarsa. Amma ya ce mu jira, muka jira. Aka kwashe rumfa, masu kalangu suka bi hakimi, rana ta dawo tsaka. Da azahar ɗan doka ya zo ya ce dakali ba wurin kwana ba ne. Na goya Yaya muka koma bukka ta kan dogo.

Washegari na je taga ta hanyar da 'yan gari ke bi. Na sayi tikiti biyu. Akawu ya ce jirgi na gaba sai bayan kwana uku. Na san fatake ba za su jira ba, ba su ma san muna tafe ba. Na saya duk da haka.

Sansanin ya zama kango, mu kaɗai sai karnuka. Ina dama masa kunu, yana kurɓa biyu ya kau da kai. Na nuna masa takardun. Ya juya ɗaya a hannu, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe Bakatsinen nan gaskiya ya faɗi."

"Gaskiya ya faɗi."

"Kada ka gaya mishi. Shi ɗauki kai."

Ya ce in gaya wa Kawu gefen hagu na jirgi yana shan ruwa wajen gindi, a toshe kafin damina. Ya ce akwai taru da ya bari a rataye a rumbu, kada ɓera ya ci. Bai ba ni saƙon Inna ba. Na jira, bai bayar ba. Saura kwana ɗaya jirgi ya zo, da la'asar, Yaya ya cika.

Na shiga gari na nemo liman da mutum huɗu. Mutanen kirki ne, ba su tambaye ni komai ba. Muka binne shi bayan bukkoki. A wurinmu ana rufe kabari da ƙaya saboda kura. Na duba, ba ƙaya kusa, duk mun sare lokacin share fili. Ragowar wayar nan na samo na naɗe kabarin da ita.

Na hau jirgin. Me zan yi? Ta ƙofa na shiga, ta kan hanya mai fararen duwatsu. Mutumin nan ne dai mai ƙarfen huji. Na miƙa masa biyun. Ya huda ɗaya, ya leƙa bayana.

"Ɗaya mutum?"

"Ba ya zuwa."

Ya mayar mini da ita lafiyarta lau. Na zauna a kan katako kusa da wata mata mai kaji. Itatuwa suna gudu baya. Rogon da na ƙulla ban gama ci ba aka ce Gusau. La'asar ba ta yi ba. Fatake sun tafi tun shekaranjiya.

Ban ce da ya hau da ya kai gida ba. Daga Gusau zuwa Kalgo tafiya ce, ko a kan jaki. Watakila da a Gwandu zan binne shi, watakila tun kafin nan. Amma da ya mutu a hannun mutanen da suka san sunan ubansa.

Na taka har gida. Na bi ta Gwandu, na tarar da mutanen Maruda a kasuwa, suka tambaye ni, na gaya musu, suka yi salati. Na iso bakin gulbinmu da hantsi. Jirgi yana wancan tsallaken. Na daɗe a tsaye kafin in iya yin kira.

Kawu ya turo. Na shiga na zauna a gaba, wurina. Bai ture ba. Ya kafa gwangwala yana duban hanyar da na fito, yana jira. Na bar shi ya ɗan duba.

Na ce, "Ture, Kawu. Ba mai zuwa."

Inna tana sussuka a tsakar gida. Ta dube ni, ta dubi buzu biyu a kafaɗata, ta jingine taɓarya. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Na ajiye mata buzunsa, da ƙarfen wuyansa, da kuɗinsa, da takardar. Ta ɗauki takardar.

"Wanga fa, mi ne?"

"Ladan fitonsa ne, Inna. Can kafin a shiga ake biya."

"An biya?"

"An biya."

"An kai shi?"

"A'a."

Ta juya ta gaba da baya, kamar yadda ya yi. Ta ce, "Wane irin mai jirgi ne wanga?" Ba ni ta tambaya ba. Ta ƙulle takardar a bakin zanenta. A nan take har ta rasu, masu wanka suka kwance suka ba ni. Ba ta taɓa ce mini ita ta tura shi ba, ni ma ban taɓa ce mata saboda ni ya tafi ba.

Na toshe gefen hagu kafin damina. Tarun ɓera ya riga ya ci. Na karɓi gwangwala daga hannun Kawu, ina da ita har ƙarfina ya ƙare. Dogo bai zo Gwandu ba, bai zo Kalgo ba. Helman nan ban sake ganinsa ba.

Katsinawa suna hayewa a jirgina, masu tugu, wato ƙananan fatake, da masu sayen kifi. In ɗaya ya shigo ya ce mini bawansa, ba na ramawa. Shiru nake yi, in ji abin da zai faɗa bayan nan.